Taswirar safiyo da taswirar intanet: wacce za a bi wajen gina magudanar ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa safiyon da ya auna filinka ya rubuta a gefen taswira cewa kada a dogara da layukan tudu da gangare (layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne) wajen yanke zurfin magudanar ruwa, alhali wadda ka samo kyauta a intanet ba ta da wannan gargaɗi, kuma layukanta sun fi yawa.

Safiyo da ƙafarsa yake taka fili, yana ɗaukar tsayin ƙasa wuri bayan wuri, kuma a duk inda ya kafa sandarsa kuskuren bai cika wuce 'yan santimitoci ba. Su kuwa layukan, ba auna su aka yi ba, kwamfuta ce ta kintaci abin da ke tsakanin wuraren da aka auna ta zana su, saboda haka idan akwai ɗan kwazazzabo da sanda ba ta hau kansa ba, layin zai ratsa shi kamar babu shi. Ƙa'idar da Amurka ta tsayar a 1947 ta ce kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka gwada kada su kauce fiye da rabin tazarar tsayin ƙasa da ke tsakanin layi da layi. In tazarar rabin mita ce, an yarda da kuskuren santimita 25 ke nan, wanda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta fadamar Haɗejiya ya isa ya mayar da ruwa inda ya fito.

Taswirar kyauta kuwa, galibi daga awon da kumbon Amurka mai suna Endeavour ya yi daga sararin samaniya da na'urar rada (radar) a watan Fabrairun 2000 take fitowa. Lamba ɗaya ce ke wakiltar fili mai kimanin mita 30 a kowane ɓangare, kuskuren da aka amince da shi ya kai mita 16, sannan kan bishiyoyi da rufin gidaje na'urar ta gani, ba ƙasan da ke ƙarƙashinsu ba. Duk cikon da aka yi bayan wannan shekara ba ya ciki. Manhaja za ta iya zana maka layi a kowace mita ɗaya, amma yawan layukan bai ƙara wa awon gaskiya ba, kuma rashin gargaɗin yana nufin babu wanda ya sa hannu ya ɗauki alhakinta.

A ganina, ta intanet ta isa a gane ta inda ruwan unguwa yake gangarowa. Wajen haƙa kuwa, ka nemi safiyon ya koma ya auna tsayin ƙasa a kan layin magudanar kanta, ya ɗaure awon da tabbatacciyar alamar tsayi, wato kafaffen wurin da aka riga aka san tsayinsa, ya rubuta ranar da ya yi aikin, sannan injiniya ya yi lissafi da waɗannan lambobi.