Girafik na haɗe da firosesa ko na daban, wanne za ka saya?

Malam na ga tambayarka, ka ce laftof kake nema don CorelDraw da aikin makaranta da ɗan gem, mai shago kuma ya ce maka sai mai katin girafik na daban na kamfanin Nvidia, wai wadda girafik ɗinta (ɓangaren da ke sarrafa hoto) ke cikin firosesa ba ta da ƙarfi. Gaskiya wannan maganar ta kwana biyu. Tun da AMD mai ƙera firosesa ta sayi ATI mai ƙera girafik a 2006 ta haɗe abu biyun wuri guda a 2011, Intel ma ta yi haka da firosesarta Sandy Bridge a shekarar, abin sai gaba yake yi, yanzu PlayStation 5 ma haɗaɗɗen na AMD ne a cikinta, M1 na Apple ma haɗaɗɗe ne tun 2020.

Na haɗen ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗinka yake gutsura, shi ya sa 8GB ke saurin cika. Kuma in RAM ɗin guda ɗaya aka sa, gudunsa yana raguwa sosai, ka sa a buɗe maka ka gani, in akwai gurbi a ƙara ta biyu irinta, wallahi za ka ga bambanci. Inda ya ci riba wuta ce. Firosesan AMD Ryzen 5 5600G da girafik ɗinsa duka wat 65 ne, amma katin RTX 3060 na kwamfutar tebur shi kaɗai wat 170 yake ja, to wanda ke kan sola ko inbata ya san abin da nake nufi, ga zafin watan Afrilu fanka na ta ihu batir na zuba.

Na daban kuwa yana da RAM ɗinsa, kuma in manhajar zanen 3D irin Blender ce ko tace bidiyon 4K ko manyan gem, nan ba gardama shi ne. A ta tebur kana iya cire shi ka sa sabo, a laftof yawanci a manne yake.

Abin da ke min ciwo shi ne tokunbo da ake ƙara wa kuɗi don sitikar Nvidia kawai, ka duba ka tarar tsohon GeForce 940MX ne, alhali girafik na haɗe Iris Xe da ke cikin Intel Core i5 ƙarni na 11 ya fi shi. Ni a aikinka na haɗe zan saya, rarar kuɗin in kai RAM 16GB da SSD.

In ta tebur za ka haɗa ka kula, Intel mai F a ƙarshe irin 12400F babu girafik a ciki, ba kati ba hoto.