Saurayin da Ya Zagaya da Mu Badagry a Ƙarshen Agusta

Ƙanena da ke sayar da raguna a kasuwar Alaba Rago ta Legas ya shekara uku yana cewa, "Yaya, ka kawo yaran nan su ga teku." Bana na amsa. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a cikin Katsina, dogon hutu kaɗai gare ni, shi kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa. Abin da ya riƙa hana ni ke nan, don a zatona idan a nan gida ruwan Agusta ba ya ɗaukewa, to ina ga bakin teku. Ashe ba haka ba ne. A Legas ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Mun baro gida gero na fitar da kai, lungunmu duk caɓi, muka tarar da gari a lumshe da iska mai sanyi. Kwana huɗu muka yi a Badagry, garin bakin teku a jihar Legas, sau ɗaya aka yi yayyafi.

Wanda nake son yin magana a kansa shi ne saurayin da ya yi mana jagora. Ban nemi izininsa ba, don haka ba zan sa sunansa ba. Ɗan ƙabilar Ogu ne, mutanen da ake kira Egun, kuma a jiharmu ya yi bautar ƙasa, can ya tsinci Hausa. Hausar tasa tana da gargada, amma ta isa ta riƙe uwargida da yara uku yini guda ba wanda ya ce ya gaji. Duk wanda ya je bakin ruwan Marina, inda masu jagora ke tsayawa, ya tambayi mai jin Hausa, za a nuna masa shi.

Zan fara da abin da ya ɓata mini rai. Ranar farko mun yi da shi ƙarfe tara, bai zo ba sai goma da rabi. Sannan kuɗin da ya faɗa mini a waya na aikinsa ne kawai. Bai gaya mini cewa kowane gidan tarihi da kuɗin shigarsa ba, kwalekwale ma daban. Kafin azahar kuɗin hannuna sun ƙare, na tsaya ina fama da tura kuɗi ta waya, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Na ce masa wannan ba daidai ba ne, baƙo ya kamata ya san abin da zai kashe tun daga masauki. Ya karɓi laifinsa, washegari ya zo da lissafin komai a takarda, kuma ya riga mu fitowa.

Inda na fara yarda da shi a gidan benen nan ne na 'yan mishan da aka kammala a 1845, wanda suke kira bene na farko a Najeriya. Ginin na nan da matakalarsa ta katako, da ɗakin da Samuel Ajayi Crowther, limamin Kirista da ya fassara Baibul zuwa Yarbanci, ya zauna. Da ya faɗi waccan magana sai babbar 'yata ta ce, "Kawu, to Gobarau fa?" Na yi shiru in ga yadda zai yi. Ya ce ya hau hasumiyar Gobarau da ƙafarsa, ta girmi wannan gini da ɗaruruwan shekaru, gaskiyar magana wannan shi ne farko a irin ginin Turawa. Jagora da yawa da sai su murje ido su kare abin garinsu.

A gidan tarihin garin, tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, bai ɓata mana lokaci ba. Ya nuna hotuna da sarƙoƙi, ya tuna mini cewa a nan Badagry Baturen nan matafiyi Clapperton ya sauka a 1825 ya kama hanyar Kano da Sakkwato, inda ya mutu a 1827. Na sha koyar da wannan a aji, amma ban taɓa auna nisan tafiyar a raina ba sai da na tsaya a inda ta fara.

Gidan Seriki Williams Abass ne ya tsaya mini a zuciya. Ɗakuna 40 aka gina a nan don tsare bayi kafin jirgi ya zo. An bar biyu a yadda suke don masu ziyara. Ya ce mu shiga ɗaya, mu biyar da shi na shida, ya jawo ƙofa. Ba taga sai wata 'yar kafa can sama. Ya ce a yadda suka gada, mutum 40 ake cusawa a irin wannan ɗaki. Bai ƙara ko kalma ba, ya bar mu muka tsaya a duhun nan kamar minti ɗaya. Uwargida ce ta fara cewa "Innalillahi," ya buɗe.

A tsakar gidan ya faɗi abin da ban zaci zai faɗa a gabanmu ba: mai gidan nan baƙar fata ne, Musulmi ne, har sarautar Sarkin Musulmin garin ya riƙe, kuma shi kansa an taɓa bautar da shi. Ya dube ni ya ce, "Malam, mutanenku ma sun bi ta nan." Haka ne. Waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa suka ci, an yi ta sayar da su daga hannu zuwa hannu har bakin teku, daga nan da Legas da Wida da Porto Novo aka kwashe su zuwa Bahia ta ƙasar Brazil. Na ba shi labarin boren da Hausawa suka shirya a can a 1807, da na watan Janairun 1835 a birnin Salvador, cikin azumi, lokacin da bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka tashi, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Ya san na 1835, bai san na 1807 ba. Ya ciro biro ya rubuta a bayan takardar lissafin nan. Na ji ciwon abin, don a manhajarmu muna ba yara labarin cinikin bayi kamar wani abu ne da ya faru ga wasu mutane can nesa.

Daga nan sai ƙetare ruwa zuwa tsibirin Gberefu. Kwalekwale mai inji ne, tafiyar 'yan mintoci. Na farko da ya zo ba shi da rigar kariya daidai ƙananan yara, jagoranmu ya ce ba za mu shiga ba. Mai kwalekwalen ya yi ta faɗa da yarensu, bai kula shi ba, muka jira na biyu. Ko wannan kaɗai ya yi mini, ya ci kuɗinsa.

A tsibirin ƙafa ake takawa, cikin rairayi da inuwar kwakwa, hanyar da aka bi da bayin. Da yara mun yi kusan minti 40. A tsakiya akwai wata rijiya da ake cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. Ya ce haka aka gada, bai ce ya tabbatar ba. Uwargida 'yar Daura ce, ta tsaya ta daɗe tana leƙawa. Ta ce a Kusugu mutane layi suke yi su sha, nan kuwa ko hannu ba mai son sawa.

Sai ga teku. Ƙararsa muka fara ji tun kafin mu gan shi. A wannan lokaci na shekara ruwan da sanyi, igiyar kuma da ƙarfi, tana dukan gaɓa ta koma tana zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafar mutum. Ya ja layi da ƙafarsa ya ce wa yara kada wanda ya wuce idon sawu, kuma ya tsaya tsakaninsu da ruwan har muka tashi. Autanmu ya ɗanɗana ya tofar, ya ce an zuba gishiri da yawa. A nan muka yi alwala da ruwan gora muka haɗa azahar da la'asar a kan rairayi. Mai zuwa da iyali ya sani, ban ga wurin kewayawa mai kyau a hanyar tsibirin ba, a gama komai tun daga cikin gari, a kuma riƙo ruwan sha.

Abinci bai ba mu wahala ba. Da na ce muna taka-tsantsan da nama, ya kai mu wurin wata mata mai gasa kifi, muka ci da teba, yaji kamar ya tsage harshe, aka fasa mana ɗanyar kwakwa muka kora. Ya kuma raka uwargida kasuwar Agbalata ta sayo man kwakwa da busasshen kifi na tsaraba, ya taya ta ciniki.

Duk abin da ya karɓa na kwana biyu bai kai kuɗin motar mutum ɗaya daga Katsina zuwa Legas ba. Na tambaye shi ko zai iya da ɗalibai 20 idan makaranta ta yarda baɗi. Ya ce zai iya, amma mu zo kusa da 23 ga Agusta, ranar tunawa da cinikin bayi ta duniya, kada mu bari Satumba ta yi nisa, don ruwa zai dawo, kainuwa kuma ta fara rufe hanyar kwalekwale. Ya ce mu baro Ojo, yankin da Alaba Rago take, da asuba saboda cunkoson hanya. Na riga na rubuta wa shugaban makaranta takarda, tana kan teburinsa.