Wa za ka miƙa wa makirufo a taronka?

Duk mai shirya taro a Kano, da ya gama da kuɗin zaure da na abinci, sai maganar wanda zai riƙe makirufo ta taso. Wani zai zo maka da takardar shaida, wani muryarsa ka sani a rediyo, wani kuma sanƙira ne da ya gaji sana'ar.

Takardun da aka fi ambata biyu ne, duk daga Amurka suka samo asali. Akwai DTM (Distinguished Toastmaster) ta Toastmasters, ƙungiyar koyon jawabi a gaban jama'a wadda Ralph Smedley ya kafa a 1924. Mai ita ya daɗe yana gwajin jawabi a gaban 'yan ƙungiyarsu, ana riƙe masa agogo, har "eh… eh…" ɗin da yake yi ana ƙirgawa. Horo ne mai kyau, amma ba ya nuna an taɓa biyan mutum ko sisi don ya yi magana. CSP (Certified Speaking Professional) kuwa, ta NSA, ƙungiyar masu sana'ar jawabi ta Amurka da aka kafa a 1973, ta fi tsauri: sai ka kawo shaidar jawaban da aka biya ka, waɗanda suka ɗauke ka su faɗi yadda suka same ka, a kuma duba bidiyonka.

Idan bita ce ta ma'aikatan banki ko kamfani, da Turanci, kuma lokaci a ƙayyade, mai irin wannan takarda ya ci kuɗinsa.

Amma a ce ƙaddamar da littafi ne a Gidan Mambayya, ga hakimi, ga malamai, ga attajiran Kantin Kwari a sahun gaba. Babu takardar da ke koyar da wanda ake fara gaisarwa, ko wa ake ce wa "ranka ya daɗe", wa ake ce wa "Allah ya gafarta Malam". Wanda ya ambaci dagaci kafin hakimi ya ɓata taron tun ba a buɗe da addu'a ba, kuma kai mai gayya za a riƙe a zuci. A nan ni ɗan rediyo nake zaɓa. Masu gabatar da shiri a Freedom, Rahama ko Rediyon Kano sun saba da Hausar da jama'a ke ji, sun kuma saba da agogo. Aibinsu ɗaya: wasu na jin daɗin muryarsu har su cinye lokacin babban baƙo.

Sanƙira na biki ne. Ya san dangi, ya iya kirari, sai dai idonsa na kan liƙi.

Ko wanne ka nufa, ka nemi bidiyon taro guda cikakke, ba guntun da aka tace don Facebook ba. Ku yi ciniki tun kafin ranar, ka ba da kafin alƙalami, ragowar sai an tashi. Ka kuma tambaye shi yadda zai yi idan aka kira Azahar babban baƙo bai iso ba.