El Clasico: Madrid ko Jidda? Amsa ga ɗan'uwanmu ɗan Madrid

Malam, ka ce ka gaji da kallon Real Madrid a gidan kallo, ka tara ɗan abin da ka tara, kana so ka gan su ido da ido suna karawa da Barcelona, to Bernabeu, filin Real da ke Madrid, za ka nufa ko Saudiyya inda ake buga Super Cup na Sifaniya? Ga yadda na auna su.

Biza ce gaba da komai. Sifaniya bizar Shengen, wato ta haɗakar wasu ƙasashen Turai, take nema: kuɗinta Yuro 90 ne tun 2024, ga inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, ga bayanan asusun banki da shaidar masauki da tikitin dawowa. Ba a Kano ake neman ta ba, sai ka je Abuja ko Legas, kuma idan aka hana ka, kuɗin sun tafi. Abin da ya fi damuna shi ne matashi mai sabon fasfo, wanda bai taɓa fita ba, shi aka fi yi wa kallon wanda ba zai dawo ba, ko da kuwa yana da shago cike da kaya a Kwari. Hanyar Saudiyya kuwa Bakano ya san ta tun kaka da kakanni. Sai dai ka zauna da ejan mai lasisi ya fayyace maka abin da bizarka ta ba ka dama, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Jirgi: babu mai ɗaukarka daga filin Malam Aminu Kano ya dire ka Madrid kai tsaye, dole ka yada zango a wani gari kamar Alƙahira ko Doha. Jidda kuwa ta fi sauƙin zuwa.

Sai tikitin shiga fili, inda mutane suka fi ƙonewa. A Bernabeu mambobin kulob ake fara sayar wa, ɗan ragowar ne ke kaiwa ga irinmu, kuma ranar El Clasico 'yan bumburutu a intanet sukan ninka farashi, wani ma na bogi ne. Ga shi La Liga ba ta tsayar da rana da sa'ar wasa sai saura 'yan makonni, alhali kai tuni ka biya jirgi. A Saudiyya babu wannan fifikon na 'yan gida, amma akwai wani cikas: ƙungiyoyi huɗu ne ke zuwa, ba tabbas manyan biyun za su haɗu. A 2020 Real da Atletico Madrid ta buga wasan ƙarshe, a 2022 da Athletic Bilbao, ko da yake a shekarar ta kara da Barcelona a wasan kusa da na ƙarshe. Amma sun haɗu a wasan ƙarshe a 2023, a 2024 ma Vinicius ya ci uku a Riyad aka tashi 4-1, sai Barcelona ta rama da 5-2 a Jidda a 2025. Ka kuma duba garin da aka sa, don wata shekara Riyad ce, wata Jidda.

Gaskiya kuwa, armashin ba ɗaya ba ne. Bernabeu gidansu ne tun 1947, maki uku ake nema, 'yan kallon kuma gado suka yi. Wanda yake son wannan, Jidda ba za ta ba shi ba. Amma a Jidda ba ka tambayar ko naman halal ne, masallaci ko'ina, Hausawa kuma birjik. Makka tafiyar kamar sa'a ɗaya ce a mota. In haka ne, ka gyara niyya: Umara ka je, ƙwallo ta biyo baya.

Ni dai shawarata, fitar farko ka yi Jidda lokacin Super Cup, in a can aka sa shi. Ka dawo a kan lokaci, fasfonka ya samu hatimi, sannan ka nemi Sifaniya. In ka samu, kada ka kafe sai El Clasico; wasa da matsakaiciyar ƙungiya zai shigar da kai Bernabeu a farashin kulob, ba na 'yan bumburutu ba.