Daga Sassuolo zuwa garejin Buzaye a Sakkwato: motar biliyan shida da gardamar fulogi shida

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kuna lahiya. Ya aiki, ya yaran gareji? A gaishe min da Inna da su Kawu.

Jar motar nan da yaranka sunka nuna maka a waya ba haɗin kwamfuta ba ce, tana nan da gaske. Sunanta Ferrari F80, a watan Oktoba na 2024 anka fito da ita. Garin da ake ƙera ta, Maranello, maƙwabcinmu ne. Ni ina Sassuolo a nan Italiya, inda kamfanonin tayil suke, irin tayil ɗin Italiya da masu gini ke yayi can gida. Tsakaninmu da su akwai Fiorano, nan kamfanin ke da hanyarsa ta gwajin motoci, kuma in ana gwaji wanda ke kusa sai ya ɗaga murya kafin a ji maganarsa.

Guda 799 kawai za a ƙera. Kowace ɗaya kusan Yuro miliyan 3.6, wato a canjin lokacin da ta fito ta haura naira biliyan shida. Kuma kafin a nuna ta ga duniya duk an riga an raba su. Kuɗinka kaɗai ba ya saya maka ita, sai kamfanin ya san ka, ya ga ka daɗe kana sayen motocinsa, sannan shi ne zai neme ka. Ƙarfinta doki 1,200, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.15, iyakar gudunta 350. Da hanyar Illela za ta ɗauki wanga gudu, da minti ashirin ya yi yawa daga Sakkwato zuwa bakin iyaka.

To amma ka san mi ake ta gardama a kai? Fulogi shida gare ta. Shi ke nan laifinta.

A wurin shan kofi da muke tsayawa in an tashi aiki, dattawan da sunka yi rayuwarsu cikin ƙarar inji ba su yarda da ita ba. Hujjarsu ita ce manyan motocin kamfanin da sunka gabace ta, F50 ta 1995, Enzo ta 2002 da LaFerrari ta 2013, duk fulogi goma sha biyu ne, kuma abin da mutum ke biya ma kuɗi shi ne wannan kukan inji mai tada tsikar jiki. Suna ganin wagga sabuwa muryarta ta shaƙe, turbo biyu, wato na'urorin da ke cusa iska cikin inji, sun danne ta. Matasa kuwa, musamman masu bin tseren mota, suna cewa dattawan sun manta F40 ta 1987, wadda kowa ke rantsuwa da ita, fulogi takwas ce da turbo. Suna ƙarawa da cewa tsarin injin F80 daga motar tsere 499P anka ɗauko shi, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 2023 ta sake ci a 2024. Injin fetur ɗin na bada doki 900, sauran daga injinan lantarki ukku, biyu gaba ɗaya baya, shi ya sa duk ƙafafunta huɗu ke ja.

Abin da ya ƙara wa gardamar gishiri shi ne abokan hamayya. Kwana kaɗan kafin ta, McLaren ta Ingila ta fito da W1 mai fulogi takwas, guda 399. A watan Yuni na shekarar kuma Bugatti ta nuna Tourbillon, fulogi goma sha shida babu turbo, doki 1,800. Sai dattawa su ce ka gani, wasu na ƙara fulogi namu na ragewa. Akwai ma masu jin haushin baƙin zanen da ya ratsa goshinta, wai ya ɓata mata fuska, ko da yake kamfanin tsohuwar motarsa Daytona ya so tunawa da shi.

Ni dai ina bayan matasa, don mota aikinta tafiya ne. Amma ina lura cewa duk masu wagga gardama, babba da yaro, Fiat Panda suke shiga su koma gida. Kuma ko mai F80 ɗin, in ya hau babbar hanya a nan, doka ba ta bar shi ya wuce 130 ba, kyamara na jiran shi. Dokin hawan sallah ce, ana kiwon ta shekara guda don fita ta kwana ɗaya.

Abin da ya fi dacewa da kai, Yaya, a matsayinka na bakanike, shi ne abin da ke bayan motar. Duk wanda ya sayi sabuwar Ferrari, sabis na shekara bakwai na cikin kuɗin. Wannan na manya ne, amma tsarin ya sauko har kan ƙaramar mota irin tawa. Kowace mota da tarihinta a rubuce: yaushe anka canza baƙin mai, a kilomita nawa, wane gareji. Sabuwar mota in ta shekara huɗu dole a kai ta duba na hukuma, daga nan kuma duk shekara biyu. Ana gwada birki, fitila, hayaƙin salansa, kuma a rubuta kilomitar da ta yi, don haka mai son mayar da agogo baya kafin ya sayar sai ya yi da gaske. Inshora tilas ce, kuma ba takardar nuna wa jami'i a shinge kawai ba ce, in an buge ka ana biya. Sai harajin shekara da ake lissafawa bisa ƙarfin inji. In ƙarfin ya wuce kilowat 185, kowane kilowat na sama Yuro 20 ne ƙari. Mai babbar mota ko bai tada ta ba shina biyan dubbai.

Kayan gyara su ne sunka fi ba ni sha'awa. Ka ba mai shago lambar jikin mota, ya duba kwamfuta, gobe a kawo maka ainihin abin da ya dace da ita, da rasit da garanti. Ba a tambayarka na asali kake so ko mai bi masa ko na Beljiyam. Ka tuna yadda kake ɗaura sabon famfon mai, bayan sati biyu mai mota ya dawo shina zagin aikinka, alhali kayan ne jabu cikin kwali mai kyau? Wannan ciwon kan babu shi a nan, ko in ce ni ban gamu da shi ba. Fetur ma haka. Tsada gare shi, lita na wasa kusa da Yuro biyu, ya ninka namu ko bayan da anka cire tallafi a Mayun 2023, amma lita lita ce, kuma ba ka fargabar an gauraya shi da wani abu kamar na 'yan bumburutu.

Sai dai kar yaranka su ɗauka nan an fi ku hannu. Wallahi ba a fi ku ba. Bakaniken nan da awa ake biyansa, kuma awarsa tsada, saboda haka ba ya ɓata lokaci wajen gyara. Ya jona kwamfuta, ta ce wancan abu ya lalace, ya cire ya jefar ya sa sabo. Na taɓa kai motata wani gareji don kik ya fara gardama. Na san burushi ne sunka cinye, abin da ƙaramin yaronka zai kwance ya gyara kafin la'asar. Sunka ce ba su buɗe kik, sai dai a canza shi dungurungum, kuma in dawo mako na gaba don layi ya cika. Babu ciniki, babu a yi min haƙuri zuwa ƙarshen wata. Lagireto in ya tsage ba mai like shi. Mota in ta tsufa kuɗin gyaranta ya fi kuɗinta, sai a kai ta wurin murƙushewa ko a loda ta jirgin ruwa, ta biyo ta Kwatano ko Legas, ta zo hannunku ta sake shekara goma sha biyar tana jigila tsakanin Sakkwato da Gusau. Ku da kunka riƙe 504 ta Kaduna da rai har jikokin mai ita sunka koyi tuƙi da ita, da kuna da kayan gyara na gaskiya da ban san wanda zai kama ƙafarku ba.

Inda nake jiye maka shi ne wajen lantarki. Abin da ke cikin F80 yau, batir da injin lantarki haɗe da na fetur, shi ne ke cikin ƙananan motocin da ke cika titunan nan, Toyota Yaris da Corolla da sauransu. Waɗannan su ne Beljiyam ɗin da za su iso ku nan da 'yan shekaru. Wayoyinsu masu ruwan lemo wuta ce mai kisa, ba a kama su da hannu haka nan, kuma jin ƙarar inji da kunne ba ya gano ciwonsu. Ga kuma zafin Afrilu namu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, su biyun ba abokan batir ba ne.

Maganar motar da kace in duba maka kuwa, shawarata ka bar zancen mai ƙasa-ƙasa, komai kyanta. Tudun rage gudu ɗaya a titin Ahmadu Bello ya isa ya fasa mata ciki, balle in damina ta cinye hanyar ƙauye. Ina neman Corolla mai fetur zalla, giyar hannu, wadda takardun sabis ɗinta sunka cika. Kafin nan zan aiko maka da na'urar duba mota da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, tare da safar hannu ta masu aikin wuta, ta hannun wani ɗan Tambuwal da zai zo gida. Ka zaɓi yaro ɗaya cikin naka wanda ya iya karatun boko, shi zan riƙa koya wa ta waya ranar Lahadi, don ranar ce ba ni da aiki.