Murhun Iska da Zaiba: Hanyoyi Biyu na Tace Azurfa a Potosi

Bayan gano azurfa a dutsen Cerro Rico a 1545, garin Potosi da ke Bolibiya ta yau, kimanin mita 4,000 sama da teku, ya dogara da fasahar 'yan asalin yankin. Murhunsu mai suna huayra na yumɓu ne mai huji-huji, ana girke shi a gangaren dutse domin iska ta yi aikin zuga-zugi, ana hura shi da gawayi da busasshen kashin lama, wata dabba dangin raƙumi. Arha ne da shi, kuma ya bar ragamar sana'ar a hannun maƙeran gida, sai dai dutse mai azurfa jingim kaɗai yake iya tacewa.

Da irin wannan dutse ya ja baya, sai Sifaniyawa masu mulkin mallaka suka kawo hanyar zaiba a farkon shekarun 1570, zamanin gwamna Francisco de Toledo. Ana niƙa dutsen ya zama gari, a kwaɓa da gishiri da zaibar da ake ɗaukowa daga Huancavelica a Peru, har ta kama azurfar, sannan a gasa curin, zaibar ta tashi ta bar azurfar. Ko tarkacen da aka zubar a da ya koma dukiya.

Ta fuskar yawan azurfa, zaiba ta yi wa murhu fintinkau. Amma tana buƙatar madatsun ruwa da injinan niƙa, jarin da Sifaniyawa ne ke da shi, kuma da ita aka kafa aikin tilas da ake kira mita, wanda ya riƙa kwaso dubban magidanta daga ƙauyuka kowace shekara, suna shaƙar tururin zaiba da ke sa karkarwa da zubewar haƙora.