Sinki ya toshe: a zuba soda ko a kwance gwiwar ƙasa?

'Yar'uwa, kin ce sinkin kicin ɗinki ya yi kusan mako biyu ruwa na wucewa da ƙyar, jiya kuma ya tsaya cak har ya taru ya kai rabi. Wata ta ce ki zuba sodar nan da ake haɗa sabulu da ita, wani ya ce ki tara bokiti ki kwance bututun ƙasa, shi ne kike tambayar wanne ya fi. Duka biyun na taɓa yi da hannuna. A halin da kike ciki, da ruwa a tsaye, kwancewa zan zaɓa miki, kuma ina roƙonki ki dakata da sodar tukuna. Ga dalilina.

Ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin sinkin. Za ki ga bututu ya sauko, ya lanƙwashe, ya sake hawa kafin ya shige bango. A wasu gidajen wani abu ne mai kama da kwalba, da murfi a gindinsa. Aikin wannan gwiwa shi ne ta riƙe ruwa ɗan kaɗan, kamar santimita 5 zuwa 7, dare da rana, kuma ruwan nan ne ke tare warin kwata kada ya biyo bututu ya cika ɗaki. Tsohuwar dabara ce, tun 1775 wani mai gyaran agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, ya yi rajistar irinta don masai mai ruwa. To inda ruwa ke kwana, nan datti ma yake kwana. Maiƙo ya sauko da ɗuminsa, ya tarar da ruwa mai sanyi, ya daskare a jikin bututu. Ragowar abinci ta zo ta manne masa, gobe wani maiƙon ya hau kai. Bututun da dama faɗinsa bai wuce milimita 40 ba, sai ƙofarsa ta yi ta tsukewa har ta rufe. Galibin toshewar sinki a wannan gwiwar take, ko gaba da ita kaɗan, wato wurin da hannunki zai iya kaiwa.

Soda kam tana aiki, ba ƙarya ake mata ba. In ta haɗu da ruwa sai ta ɗau zafi, in ta haɗu da maiƙo sai ta mai da shi sabulu ya narke ya bi ruwa, kuma tana cin gashi. Amma sai fa ta isa inda toshewar take. Sinkinki cike yake. Abin da kika zuba zai narke a cikin ruwan sama, ƙarfinsa ya ragu tun kafin ya sauka. In kuma kika cika hannu don ki ga ta yi, ƙwayoyinta su nutse su taru a gwiwar, su dunƙule su yi tauri, toshewa ɗaya ta zama biyu. Bayan haka akwai abubuwan da ba ruwanta da su sam: murfin kwalba, guntun soso, ƙaramin cokali, yashi, leda. Ko kwana nawa za su yi a cikinta, yadda suka shiga haka za su zauna. Kuma ke daga sama ba ki da hanyar sanin ko ɗayansu ne ya tokare.

Sai ɓarnar da take yi wa kayan. Farin bututun roba na PVC an ƙera shi ne don zafin da bai wuce digiri 60 ba. Soda in ta taru wuri guda tana iya wuce haka, bututu ya yi laushi, noti ya saki, a wayi gari ƙasan sinki na ɗiga. Saboda wannan ne ma ban so a riƙa juya tafasasshen ruwa kai tsaye daga kan wuta, tunda shi digiri 100 yake. Soda tana cinye alminiyam. A gidan da ruwansa ke tafiya sokawe kuwa, yawan zuba ta na kashe ƙananan halittun da ke narkar da ƙazanta a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ta kasa. Sinkin da jiya ruwan datti ne kawai a cikinsa, yau ya koma cike da ruwa mai ƙona fata. Ni ya faru da ni. Na zuba da dare, da safe ruwa na nan yadda na bar shi, sai na sa safar hannu na kwance gwiwar. Ruwan ya biyo bayan safar ya gangaro mini a tsintsiyar hannu. Da farko ban ji zafi ba, santsi kawai na ji kamar na shafa sabulu, ashe santsin nan maiƙon fatata ne sodar ke narkarwa. Wurin ya yi ja, ya kwana bakwai yana raɗaɗi. Abin da na tarar a gwiwar kuwa guntun soson wanke-wanke ne, maiƙo ya naɗe shi. Da a ido ruwan ya fallatsa, da garin neman gira an rasa ido.

Yanzu ga kwancewa. Ba sai kin rufe ruwan gida ba, don wannan bututun na fitar da ruwa ne, ki dai tabbata famfo a rufe yake. Kafin ki taɓa noti, in kina da ƙoƙon robar nan mai mariƙi da ake buɗe toshewa da shi, fara gwada shi. Ki bar ruwa ya rufe robar, ki toshe ƙaramin ramin da ke can sama a jikin sinkin da jiƙaƙƙen tsumma, in sinkin mai baki biyu ne ki toshe ɗaya bakin ma. In ba a toshe su ba, iskar ta nan za ta tsere, a yi ta wahalar banza. Ki danna ki saki kamar sau ashirin, ki fizge. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa.

In bai buɗe ba, ki kwashe ruwan sinkin da kofi, ki ɗauki hoton gwiwar da wayarki don ki tuna yadda take, ki tura bokiti ƙarƙashinta. Noti biyu ne ke riƙe da ita, na roba ne, da hannu ake murɗa su. In sun ƙi, ki naɗa tsumma ki ƙara ƙarfi. Da sun saki ruwa baƙi mai wari zai zubo, wannan ba abin tsoro ba ne. Ki lura da zobban robar da ke cikin notin da kuma ɓangaren da kowanne ke kallo, domin su ne ke hana yoyo. Ki zazzage gwiwar a bokiti, ki goge cikinta da tsohon buroshin haƙori. Kuma don Allah ki wanke ta a wani wuri daban, mutane da yawa kan manta su buɗe famfon sinkin da ƙasansa ke buɗe. Tun da kin riga kin buɗe, ki zura waya mai ɗan tauri cikin bututun da ya shiga bango, ki juya ta, ki jawo abin da ya maƙale. Wajen mayarwa, hannu kaɗai ya isa. Filaya ko sifana na tsaga notin roba. In kin ji noti ya kama a karkace, ki warware ki sake, kada ki matsa masa. Daga nan ki cika sinkin, ki saki ruwan gaba ɗaya, ki goga busasshen tishu a ƙarƙashin kowane noti. In ya fito a bushe, kin gama.

Kwancewar ma tana da tata wahalar. Akwai ƙazanta, akwai wari, akwai durƙuso. Tsohuwar gwiwar ƙarfe da ta yi tsatsa tana iya karyewa a hannunki, wadda aka manne da gam kuwa ba ta kwantuwa sai an yanke. Zoben roba in ya tsage sai an sake wani. Amma duk waɗannan da idonki za ki gan su, kuma gani ya kori ji. Rabin awa ya ishe ki, kuma a ƙarshe za ki riƙe abin da ya toshe miki sinki a hannu.

Soda tana da ranarta: lokacin da ruwa ke tafiya amma a hankali, kin tabbata maiƙo ne ko gashi, kuma wurin ya yi nisan da hannu ko waya ba za su kai ba. A nan ma da sharuɗɗa. Ruwan sanyi a bokitin roba, a zuba soda a cikin ruwa sannu a hankali, kada a zuba ruwa a kan soda don tana tartsatsi. Safar hannu doguwa, tabarau, taga a buɗe, yara a nesa, kuma a tsaya ga ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalin. Kada a bi bayanta da asid ko bilic, ruwan nan mai sa tufafi su yi fari, wai don a ƙara mata ƙarfi. Asid da soda kan tafasa su yi feshi, asid da bilic kuma suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. In ta taɓa fata ko ido, a saki ruwa a kai aƙalla minti 20, na ido kuma a wuce asibiti. Haɗin bekin soda da binega da ake yawan yaɗawa ba shi da wannan haɗarin, sai dai kumfa ce kawai, ɗaya na kashe ƙarfin ɗaya, ba za ta buɗe sinkin da ya tsaya cak ba.

Akwai inda duka biyun ba za su yi ba. In kika ga banɗaki ma ruwa ba ya wucewa, ko kin saki ruwan sinki ya ɓullo ta magudanar wanka, matsalar tana babban bututu ko sokawe ya cika, wannan aikin mai gyaran famfo ne. Haka in kin gyara ya sake toshewa bayan 'yan makonni, a duba kwanciyar bututun, ya kamata ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita, in ya kwanta daidai ko ya yi ciki a tsakiya maiƙo zai ci gaba da taruwa.

In kuma kin riga kin zuba sodar kafin ki tambaya, kada ki sa ƙoƙon roba a kai, zai watso miki ita a fuska. Ki sa doguwar safa da tabarau, ki kwashe ruwan a hankali da kofin roba, sannan ki kwance kina kawar da fuskarki daga bokitin. In wani za ki kira ya yi, tun daga bakin ƙofa ki gaya masa akwai soda a ciki.